Wanda Ya Nuna Ƙofa

Ba a ɓalle ƙofar ba, kuma ba a taɓa ta maƙwabta ba. Wannan ne ya fara tsaya wa Mai Sawu a rai. Jami'an shige da fice ba su bi layi suna ƙwanƙwasa gida-gida ba. Sun wuce shagon faci, sun zagaya ta bayan tarin tsofaffin tayoyi, sun tsaya daidai ƙofar da ko mai kwasar shara bai san da ita ba, suka fito da 'yarsa da mijinta. Ruwan shayin da ke kan risho ko tafasa bai yi ba. Mai faci ne ya shiga ya kashe wutar bayan motar ta tafi.

A ƙasar da ya baro, Mai Sawu ake kira in an kore wa mutum shanu. Nan kuwa ba shanu, ba takardar zama, sai tsintsiya. Shara yake yi a masallaci yana jera wa mutane takalma, sunan ne kawai ya biyo shi ya ƙi sakinsa.

Ya tsuguna. An yi ruwa kafin gari ya waye, ƙasar bayan shagon ta yi laushi. Ga manyan takalman jami'ai sun shigo kai tsaye, babu wanda ya tsaya dube-dube. Ga silifas ɗin 'yarsa, na hagu yana sharar ƙasa, alamar jan ta aka yi. Ya daɗe yana kallon wannan kafin ya iya ɗauke ido. Sai kuma tayar keke, ta zo har bakin ƙofa ta juya. Ya bi ta zuwa kwanar layi, a nan ya sake samun tayar, wannan karon ta hau kan sawun motar jami'ai, wato bayan zuwansu ta dawo. Ta tsaya a bayan wani kwandon shara. Ƙafafu biyu sun nutse a laka gefenta.

Wani ya tsaya a nan ya sha kallo, sannan ya juya abinsa.

*

Masallacin nasu tsohon sito ne da aka shimfiɗa wa darduma. Rabin masu sallah a cikinsa ba su da takarda, sauran rabin ke riƙe da su. Kwamiti ke nema wa iyali ɗaki a inda ido bai kaiwa, ya kai musu abinci, ya kuma sa kowace uwa ta zaɓi mai riƙo: wani mai takarda da doka ta yarda ya karɓi yaranta in an kama ta. Dokar kwamitin ɗaya ce, iyali ba ya sanin ƙofar wani iyali. Mutum huɗu kaɗai suka san ƙofofin duka: Liman, Tafinta, Mai Keke da ke rarraba abinci, da Hajiya da ke dafa shi.

Uwar Kowa ake ce wa Hajiya. Mijinta ya rasu ya bar mata gida da takarda, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta mai da 'ya'yan mutane nata. Da aka ce 'yar Mai Sawu ta zaɓi mai riƙo, ko numfashi ba ta ja ba ta ce Hajiya. To wa za ta zaɓa?

Bayan azahar babu wanda ya nemi takalminsa. Kowa na kallon na kusa da shi ta gefen ido. Mahauci, wanda ke da murya kamar ana jan ganga a kan siminti, ya miƙe.

"Mu daina yaudarar kanmu. Nuna ƙofar nan aka yi, kuma da mai nunin muka yi sallah yanzu."

Daga bayan labulen mata Hajiya ta fito, idanu jajir, da jikar Mai Sawu a saɓe. Yarinyar ba ta daɗe da fara haɗa magana ba. Amarya yake ce mata, irin wasan kaka da jika, ita kuma ta ce masa Tsoho.

"Allah ne ya kiyaye, Baba," in ji Hajiya. "Da sassafe na aiki Mai Keke ya ɗauko min ita, na kai ta asibitin unguwa saboda tarin nan. Da tana ɗakin da sun haɗa da ita. Ni ko gadon da zan kwantar da ita ba ni da shi. Daga nan kasuwa na nufa."

Mata suka yi ta sa mata albarka. Mai Sawu ya ji godiya ta cika masa ƙirji.

Liman ya dafa shi. "Malam, Allah ya ba ka ido. Ka duba mana, amma a hankali."

*

Tafinta ya fara nema, don shi bakin mutane ya fi kamawa. Laifinsa dai yana jin yaren ƙasar, yana sa taye, kuma an taɓa ganinsa yana dariya da wani jami'i. A wurin wanda ke kwana da tsoro wannan ya isa hujja.

Ya same shi a bakin asibitin unguwa, inda yake aikin fassara, yana cin burodi a tsaye.

"Na san za ka zo, Baba. In akuya ta ɓata a garin nan ma ni za a ce na yi wa ɓarawo fassara."

"Ina kake da safe?"

"Ɓangaren yara. Tun da aka buɗe ƙofa ina kan benci ɗaya har azahar, duk uwar da ta shigo ta gabana take bi. Tambayi mai gadi."

Mai Sawu bai tambayi mai gadi ba, takalman Tafinta ya tambaya. Fes suke, ko ɗigon laka babu, har cikin tsagar ƙasansu. Da tsohon ya saurari maganar da kunnuwa biyu, da labarin nan ya gajarta. Amma hankalinsa na can wurin keke.

Mai faci kuwa rantsuwa ya yi ta zubawa tun kafin a tambaye shi. Shi da aka rufe wa shago saboda ya ɓoye mutane, me zai ci da nuna ƙofarsa? Abu ɗaya ya ƙara, ya hango mai kawo abinci a kwana lokacin da ake tura su mota.

*

Mai Keke magidanci ne da ya baro iyalinsa a gida, yana kwana a ɗakin ajiyar masallaci tsakanin buhuna. Yana da i'ina, in ya tsorata kuwa sai harshen ya ɗaure gaba ɗaya. Kuskuren Mai Sawu shi ne bai ja shi gefe ba. A harabar masallaci ya tare shi bayan la'asar, mutane na ɗaura takalma.

"Sau nawa ka je bayan shagon faci yau?"

"S-sau ɗaya. Na ɗauko y-yarinya."

"Sau biyu. Tayarka ta baya tana da faci, na gan ta a kwana. Ka tsaya bayan kwandon shara har ƙafarka ta nutse. Me kake kallo?"

Mutumin ya buɗe baki. Ya so ya ce abincinsu ya koma kaiwa, ya ga motar, ƙafafunsa suka mutu, don shi ma ba shi da takarda. Abin da ya fito kawai shi ne, "Na ts-ts-ts..."

"Kana da waya a aljihu," in ji Mahauci. "Me ya hana ka kira? Me ya sa ka ce sau ɗaya?"

Ba a jira amsa ba. Mari ya fara sauka, sannan takalma, irin waɗanda Mai Sawu ya jera da hannunsa. Mutanen da aka kora daga ƙasa zuwa ƙasa, waɗanda ba su taɓa samun wanda za su rama a kansa ba, ranar suka samu. Wani ya taka ƙafar keken har ta lanƙwashe. Liman yana cewa ku bari, ku bari, da muryar da ko shi bai ji ta ba. Aka watso kayan mutumin waje, aka sa wa ɗakin ajiya kwaɗo.

Mai Sawu na tsaye yana kallo, kuma gaskiya ita ce ya ji daɗi. Ya tuna silifas ɗin nan mai sharar ƙasa, ya ji sanyi a ransa.

Mutumin da ba shi da takarda ba shi da wurin kwana ba ya daɗewa a titi. Washegari aka kama Mai Keke a tashar mota, fuska a kumbure. Da labarin ya iso, Mahauci ya ce ai komawa ya yi wurin iyayen gidansa.

*

Kafin Juma'a ta zagayo Mai Sawu ya je ganin jikarsa. Gidan Hajiya tsaf, ƙamshin turare ko'ina. An ware wa yarinyar ɗaki guda mai shimfiɗar kafet shuɗi da babbar taga, ga ƙaramin gado fari a jikin bango.

"Ka ga gadon," in ji Hajiya. "Ranar nan na sayo shi, ina kuka mai shago na kuka."

Ta tafi haɗa shayi. Amarya ta haye cinyarsa tana jan gemunsa.

"Tsoho, ka tsufa."

"Ke kuma kin yi sabon gida kin manta da mijinki. Ina takalminki ɗaya?"

Ta nuna ƙarƙashin gado. Ya miƙa hannu bai kai ba, sai ya ɗaga gadon ya matsar da shi gefe. Ya ɗauki takalmin, amma bai miƙe ba.

Ƙafafun gadon sun bar ramuka huɗu a kafet. Ya sa yatsa a ɗaya, ya ji gashin kafet ɗin ya mutu, ya manne da ƙasa ya yi tauri. Ya goga, bai tashi ba. Ya waiwaya ya matsar da kujerar da ya zauna a kai, shi da nauyinsa, ya ga sawunta yana cikowa a gaban idonsa. Sannan ya ja baya ya kalli ɗakin duka. Inda rana ke shigowa ta taga shuɗin ya koɗe. Inda gadon ya rufe kuwa yana nan da duhunsa, an yanka shi daidai tsawon gado da faɗinsa. Rana ba ta yin wannan aiki a mako guda, sai ta yi watanni tana zuwa.

Sai a lokacin maganar Tafinta ta iso kunnensa na biyu. Duk uwar da ta shigo ta gabana take bi.

Ya mai da gadon cikin ramukansa. Da Hajiya ta kawo shayin ya karɓa ya sha.

*

Ya roƙi Liman ya kawo 'yan kwamiti gidan Hajiya bayan Juma'a, a yi wa yarinya addu'a. Suka zo, Liman, Tafinta da Mahauci. Aka shafa, Hajiya ta fara zuba abinci a faranti.

"Kafin mu ci," in ji Mai Sawu, "ku zo ku ga wani abu."

Ya kai su ɗakin, ya ɗaga gadon. Ya nuna musu ramukan, ya nuna musu launin. Mahauci ya tsuguna ya taɓa da yatsa.

"Hajiya, yaushe kika ce kin sayi gadon nan?"

"Baba, tanadi laifi ne? Ni ce mai riƙo."

"Ba laifi ba ne. Shi ya sa nake mamakin abin da ya sa kika ɓoye shi. A gaban jama'a kika ce ba ki da gado." Ya juya. "Tafinta, ranar da aka kama su, ka ga Hajiya a ɓangaren yara?"

Tafinta ya yi tunani, fuskarsa ta canza. "Ban gan ta ba. Wallahi ba ta zo ba."

"To ba asibiti aka ɗauko yarinya a kai ba. Fitar da ita aka yi daga ɗakin, don an san wa ke tafe."

Ya zaci za ta yi kuka, ko ta rantse, ko ta faɗi. Hajiya ta goge hannunta da gefen mayafi, ta jawo kujera ta zauna.

"Ka taɓa kwana a ɗakin nan na bayan tayoyi, Baba? Ni na sha zuwa. Ɓeraye sun fi mutane yawa. Uwar ta fita wanki, uban ya fita dako, a kulle yarinya da kofin ruwa. Tarin nan a ina ta samo shi? A hannuna ta yi haƙori, a hannuna ta fara tafiya. Duk ranar da aka kawo min ita, da yamma sai a zo a ɗauke min ita a mai da ita cikin hayaƙin roba, in dawo in zauna ina kallon gadon nan. Na gaji."

"Uwarta fa?" in ji Mai Sawu.

"Yarinya ce, za ta haifi wasu. Ni fa?"

Mahauci ya miƙe yana huci. Hajiya ko kallonsa ba ta yi ba.

"Zauna. Ni ba Mai Keke ba ce. Ka taɓa ni ka ga wanda zai kwana a gidansa yau." Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. "Ƙara za ku kai ni? Ku ce na yi me, na gaya wa hukuma gaskiya? Wa zai je, kai Baba, da wace takarda? In kuma kuka sa aka karɓe ta daga hannuna, ba kai za a ba ba. Gidan marayun gwamnati za ta, daga nan a miƙa ta ga waɗanda ba su san alƙibla ba, ko sunanta sai sun canza. Sannan kai Liman, ka tuna ƙofa nawa na sani. Ni ban ce zan yi wani abu ba. Tunawa kawai na ce ka yi."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mai Sawu ya jira. Mutumin kirki ne Liman, ya sha raba bargonsa da baƙo, amma yanzu lissafin iyalai yake yi a zuci, kuma tsohon ya ga inda lissafin ya tsaya tun kafin ya buɗe baki.

"Malam, a yi haƙuri. Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. Akwai mata da yara a bayanmu."

"Mai Keke fa?" in ji Mai Sawu.

Mahauci yana kallon hannuwansa.

"Ƙofata a buɗe take gare ka, Baba," in ji Hajiya, muryarta ta koma mai taushi irin ta kullum. "Duk Juma'a ka zo ka ga Amaryarka, ka ci abinci. Muddin bakinka na rufe. Ranar da na ji maganar nan a waje, ranar za mu bar garin ni da ita."

Wayar Tafinta ta yi ƙara. Ya duba. "Daga inda ake tsare da su ne." Ya danna yadda kowa zai ji, ya miƙa wa tsohon.

"Baba?" Muryar 'yarsa ta dushe. "Baba, ba su ba ni lokaci da yawa ba. Gobe za a sa mu a jirgi. Tana lafiya? Tana cin abinci?"

"Lafiya lau take."

"Hajiya na kusa? Ka yi mata godiya, Baba. Ka ce mata ba ni da abin da zan biya ta, sai Allah. Hankalina a kwance yake tun da tana hannunta."

"Ina ji, 'yata," in ji Hajiya. "Kar ki sa komai a ranki."

Amarya ta shigo da gudu jin ana magana. Mai Sawu ya miƙa mata wayar ya ce ga Umma. Yarinyar ta kalli abin, ta kalli baƙin mutane, ta zagaya ta ɓuya a bayan Hajiya.

"Kunya take ji," in ji shi.

"Ba komai. Baba, abu ɗaya. An kawo Mai Keke nan, yana ɓangaren maza. Labari ya riga shi isowa. Jiya mutanenmu sun taru a kansa har sai da aka kai shi ɗakin magani, suna jiran a dawo da shi. Shi kuma rantsuwa yake ta yi. Surukinka ya ce in tambaye ka, don kai ba ka taɓa ɓatan sawu ba. In ka ce ba shi ba ne, za su ƙyale shi, amma ka gaya mana waye. Shi ne, Baba?"

Mai Sawu ya dubi Liman, Liman na kallon carbi. Ya dubi Tafinta, Tafinta ya juya fuska ga bango. Hajiya ta ɗago yarinyar ta ɗora a cinya, tana sa mata takalmin nan da ya ciro daga ƙarƙashin gado, a hankali, idonta a kansa.

Tun yana saurayi yake bin sawu, bai taɓa nuna wa mutane hanyar da ya san ba ita ba ce. Ya ji tsanar kansa ta taso masa.

"Baba? Za su katse."

"Shi ne," in ji Mai Sawu.

Layin ya mutu. Hajiya ta sauke yarinyar, ta gyara mata riga, ta tura ta gaba da tafin hannu.

"Je ki kira Tsohonki ya zo ya ci abinci, kar ya huce."